Ɗigo Biyun da Suka Ɓata: Inda Sabon Ɗalibi Zai Kama Jometirin Aljabara

Ɗiyar yayata ta samu gurbin digiri na biyu a fannin lissafi, kuma tun kafin a gama rajista ta riga ta yanke wa kanta cewa jometirin aljabara za ta yi. Bayan wata biyu sai ga ta gidana a Unguwar Rimi, riƙe da wani jibgegen ƙunshin takardu da aka buga mata a shagon kwamfuta. Ta dire shi a kan tabarma ta ce, "Kawu, anya kaina na wannan fannin ne? Sati shida ke nan ina babi na biyu. Kowace kalma na haddace ma'anarta, amma wallahi ban san a kan me ake magana ba."

Littafin Robin Hartshorne ne, wanda ya fito a 1977 kuma har yau ake ɗaukarsa a matsayin ƙofar shiga fannin a manyan jami'o'in duniya. Na san ciwon da take ji, don ni ma a wannan babin na taɓa kwana na wuni shekaru da dama da suka wuce, har na rufe littafin na koma wani reshen lissafi. Sai daga baya, da na dawo masa don sha'awa kawai, na gane inda aka yi mini gurguwar shawara. An miƙa mini magani tun ban ga cutar da aka haɗa shi dominta ba.

Asalin fannin ba shi da wuyar faɗa. Kana da ikweshan da aka gina da tarawa da ninkawa kaɗai, kamar x² + y² = 1. Duk lambobin da suka cika wannan sharaɗi, in ka zana su a takarda, za su ba ka wata siffa. A nan da'ira ce. Jometirin aljabara shi ne fassara tsakanin harsuna biyun nan: abin da ido ke gani a siffa, da abin da alƙalami ke sarrafawa a ikweshan. Kalmar aljabara ma daga littafin al-Khwarizmi ta fito, wanda ya rubuta a Bagadaza wajen shekara ta 820. Umar Khayyam, a ƙarni na 11, yana warware ikweshan mai daraja uku, wato mai x³ a ciki, ta hanyar gitta lanƙwasassun layuka biyu ya duba inda suka haɗu. René Descartes ya kawo tsarin x da y a 1637, wanda kowane ɗan sakandare ya sani. Har zuwa nan babu abin tsoro.

To daga ina dodon ya fito? A ganina daga tambaya guda ɗaya mai kama da ta yara: in siffofi biyu suka gitta juna, a wuri nawa za su haɗu?

A 1779 Bafaranshe Étienne Bézout ya wallafa amsa mai daɗin ji. Kowane ikweshan yana da daraja, wato mafi girman ninkin da ke cikinsa. Miƙaƙƙen layi darajarsa 1, da'ira 2. Ƙa'idar ta ce a ninka darajojin biyu, abin da ya fito shi ne yawan wuraren haɗuwa. Layi da layi, wuri 1. Layi da da'ira, wuri 2. Da'ira da da'ira, wuri 4.

Na sa ɗiyar tawa ta ɗauki fensir ta gwada, kuma cikin minti biyar ta kama ƙa'idar da ƙarya har sau uku. Abin da nake so ke nan, don kusan duk wani gini mai ban tsoro a wannan fanni an yi shi ne don toshe ɗaya daga cikin ƙaryar nan uku. Ruwa ba ya tsami banza.

Ta farko: ja layin y = 2 a saman da'irarmu. Ba su taɓa juna ba sam. In ka sa 2 a gurbin y, za ka samu x² = −3, kuma babu lambar da muka saba da ita da za ta ninka kanta ta ba da abin da ke ƙasa da sifili. Maganin shi ne a faɗaɗa lambobin, a shigo da lambar nan i wadda in ta ninka kanta take ba da −1. Da zarar an yarda da lambobin kwamfiles, wato lambobin da ake ginawa da wannan i, amsoshi biyu sun bayyana. Haɗuwar tana nan, takardarmu ce ba ta da faɗin da za ta nuna ta. Shi ya sa littattafan fannin suke buɗewa da cewa a ɗauka ana aiki a cikin lambobin da kowane ikweshan ke da amsa. Ɗalibi yakan wuce wannan jumla kamar bisimillar da aka saba, alhali ita ce toshiyar ƙaryar farko.

Ta biyu: layuka biyu masu tafiya kafaɗa da kafaɗa, y = 0 da y = 1. Ƙa'ida ta ce wuri 1, ido ya ce babu. Amma duk wanda ya taɓa tsayawa a tashar jirgin ƙasa ta Rigasa ya miƙa dubansa bin dogo, ya ga ƙarafan nan biyu suna matsowa har su zama ɗigo ɗaya can ƙarshen gani. Masu zane na Turai sun daɗe da sanin haka, masana lissafi kuma suka ce to a ɗauki wannan ɗigo da gaske. Kowace fuska da layi zai iya dosa, a ƙara mata ɗigo guda a ƙarshen gani. Wannan shi ne jometirin furojektif. Jean-Victor Poncelet, wanda ya ba shi tsari a littafinsa na 1822, ya fara tunaninsa ne yana fursunan yaƙi a Saratov ta Rasha bayan sojojin Napoleon sun sha kashi a 1812, ba shi da ɗakin karatu sai abin da ya riƙe a ka. Nakan tuna da shi duk lokacin da aka ɗauke wuta ina tsakiyar karatu.

A nan ne abin da ya fi burge ni yake. Zana da'ira biyu yadda ka ga dama, ba za ka taɓa ganin sun haɗu a fiye da wuri 2 ba, amma Bézout ya ce 4. Ina sauran biyun? In ka haɗa magani na farko da na biyu, sai ka tarar akwai wasu ɗigo biyu a ƙarshen gani, waɗanda sai da lambar i ake iya rubuta su, kuma kowace da'ira a duniya, ƙarama ko babba, ta nan take bi. Saboda haka duk da'ira biyu sun riga sun yi mahaɗa biyu a ɓoye, sai ragowar biyun ne suke fitowa fili. Da na nuna mata wannan sai ta yi shiru, ta sake bin lissafin da kanta daga farko, sannan ta ce, "Ikon Allah." Ku riƙe waɗannan ɗigo biyu, za su dawo.

Ƙarya ta uku ita ce mai tsada, ita ce ta haifi babi na biyun da ya hana ta barci. Ja layin y = 1. Yana shafar saman da'irar a wuri ɗaya tak, kamar yadda tayar keke ke taɓa kwalta. Ƙa'ida ta ce 2. In ka yi lissafin, abin da zai fito shi ne x² = 0. A sakandare an koya mana cewa x² = 0 da x = 0 duk abu ɗaya ne, tunda amsar sifili ce. Ta fuskar wurin da ɗigon yake, gaskiya ne. Amma in ka ɗan sauke layin ƙasa kaɗan, za ka ga mahaɗa biyu kusa da juna. Kana ɗaga shi suna matsowa, har su hau kan juna. Ɗigon da ke x² = 0 tagwaye ne da suka haɗe, kuma ikweshan ɗin bai manta ba, har ma yana tuna fuskar da suka biyo suka haɗu. Zanen ne ya manta.

Daga nan masana suka kai ga wata matsaya mai nauyi: tunda aljabara ta fi zane riƙe bayani, to a daina cewa siffa tarin ɗigo ce kawai. A ɗauki siffa tare da dukkan lissafin da za a iya yi a kanta. A kan tagwayen ɗigon nan, x wani abu ne da ba sifili ba, amma in ya ninka kansa sai ya zama sifili. Siffar da ke ɗauke da irin wannan ƙwaƙwalwa ita ake kira sikim. Ma'anar da ke cikin littafi tana da tsawo da sarƙaƙiya, amma buƙatar da ta haife ta ita ce wadda muka gani yanzu da fensir.

Akwai kuma dalili na tarihi da ya sa harshen fannin ya yi tauri haka. A ƙarshen ƙarni na 19 da farkon na 20, masanan Italiya irin su Castelnuovo da Enriques da Severi sun gano abubuwa masu ban mamaki game da shimfiɗaɗɗun siffofi, da kaifin basira da hasashen ido. Sai dai hujjojinsu ba su da turke mai ƙarfi, har ta kai wasu sakamakon da aka wallafa suka zama kuskure. Gini ya yi tsawo, harsashi na rawa. A ɗaya ɓangaren David Hilbert ya riga ya kafa gada a 1890 da 1893 da ƙa'idoji biyu da suka ɗaure siffofi da aljabara ƙam, Emmy Noether kuma ta gina aljabarar zamani a shekarun 1920. Oscar Zariski da André Weil suka ɗauki aikin sake harsashin; na Weil ya fito a 1946. Jean-Pierre Serre ya shigo da wani sabon makami a 1955. Sannan Alexander Grothendieck, tare da Jean Dieudonné, ya sake rubuta fannin kacokan tsakanin 1960 da 1967 a wata cibiyar bincike kusa da Faris. Abin da ɗalibin yau yake buɗewa a babi na biyu shi ne ƙarshen wannan doguwar tafiya, an tace, an cire duk tuntuɓen da aka yi a hanya. Wanda bai ga tsagewar bangon ba, dole ya yi mamakin yawan ƙarfen da aka zuba.

Wani abin dariya shi ne kalmomin da suka fi firgita ɗalibai kalmomin gona ne. Makamin da Serre ya shigo da shi, wanda Jean Leray ya ƙirƙira a shekarun 1940, sunansa a Faransanci da Turanci yana nufin dami, irin na gero ko dawa. A kan kowane ɗigo akwai abin da suke kira kara. Tunanin kuwa shi ne: a kowane ɗan yanki na siffa ka san lissafin da ke aiki a wurin, in bayanan yankuna maƙwabta suka dace a kan iyaka sai a ɗaure su su zama ɗaya. Wani lokaci kowane yanki lafiya lau, amma ɗaurin gaba ɗaya ya ƙi. Awon wannan ƙin ɗauruwa shi ne kohomoloji, babi na uku. Da ana koyar da fannin da Hausa, ina jin da ɗan manomi ya riga kowa sakin jiki da shi.

Sai ta yi mini tambayar da ta dace: "To Kawu, duk wannan wahala don a gyara ƙirgen mahaɗa kawai?" A'a. Ribar ta fito ta inda ba a zata ba, wato ta wajen lambobi.

Magina a Kaduna, in za su fitar da kusurwar harsashi, sukan auna 3 a gefe ɗaya, 4 a ɗayan, su tabbatar tsakaninsu 5 ne. Dalili shi ne 3 sau 3 da 4 sau 4, wato 9 da 16, sun ba da 25, wanda shi ne 5 sau 5. A harshenmu, ɗigon da ke x = 3/5, y = 4/5 yana kan da'ira. Akwai wasu irinsa? Tsaya a ɗigon da ke ƙuryar hagu ta da'irar, inda x = −1, y = 0, ka ja layi mai gangara t. Bézout ya ce zai haɗu da da'irar a wuri 2. Ɗaya kana tsaye a kai, saura ɗaya. In t rabi ne, za ka faɗa kan 3, 4, 5. In kashi biyu cikin uku ne, 5, 12, 13. Kowane kaso ka zaɓa zai ba ka sabon ɗigo mai lambobin kaso a kan da'irar, kuma babu awon maginan da zai kuɓuce maka. Layi guda da ake juyawa ya kwashe amsoshi marasa iyaka.

Canza darajar zuwa 3, dabarar ta mutu. Abin da ya bambanta su sai an kalli siffar a cikin lambobin kwamfiles ake ganinsa. Da'ira takan zama kamar fatar ƙwallo, ba rami. Lafiyayyen lanƙwasa mai daraja 3 yakan zama kamar gammo, rami ɗaya a tsakiya. Mai daraja 4, rami uku. A 1922 Louis Mordell ya yi hasashen cewa in ramukan suka kai biyu ko fiye, amsoshin da ke lambobin kaso ƙidayayyu ne, suna da iyaka. Gerd Faltings ya tabbatar da haka a 1983, da kayan aikin Grothendieck. Ka ji fa: yawan ramin siffa ne yake hukunta yawan amsar lambobi. Hujjar Andrew Wiles ta matsalar Fermat (cewa xⁿ + yⁿ = zⁿ ba shi da amsa a lambobin ƙirge in n ya wuce 2), wadda ta fito a 1995 bayan an shafe sama da shekara 350 ana nema, ita ma a kan masu rami ɗayan nan ta tsaya.

Masu rami ɗayan, waɗanda ake kira lanƙwasan eliftik, suna cikin aljihun kowa. A 1985 Neal Koblitz da Victor Miller, kowa da kansa, suka kawo shawarar a yi amfani da su wajen kulle saƙo. Makullin da WhatsApp ke amfani da shi a kan irin wannan lanƙwasa aka gina shi, kuma Bitcoin yana sa hannu ne da y² = x³ + 7. Sai dai a can ba a zana komai, don ana lissafin ne da lambobi masu zagayowa. Wannan ma mun san shi: kwanakin mako. In yau Asabar, bayan kwana 8 Lahadi ce, domin a lissafin mako 8 daidai take da 1. Girman aikin Grothendieck shi ne harshensa bai damu ba ko lambobin kwamfiles ne, ko na kaso, ko na mako. Siffa siffa ce. Har su kansu lambobin ƙirge ya mayar da su siffa, inda 2, 3, 5, 7 da sauran lambobin da ba sa rabuwa suka zama ɗigo-ɗigo a kanta.

Na ce ta ƙirga mini amsoshin x² + y² = 1 a lissafin mako. Ta samu 8, wato 7 da ɗaya. Na ce ta gwada da zagaye na 5. Ta zaci 6, sai ta samu 4. Biyu sun ɓata. Dalilin shi ne a zagayen 5, lamba 2 in ta ninka kanta tana ba da 4, wanda daidai yake da −1. Wato lambar i tana nan a cikin gida, don haka ɗigo biyun nan na ƙarshen gani sun zama na zahiri, kuma da su ƙirgen ya cika 6. A zagayen 7 babu lambar da ke yin haka, sai suka ci gaba da ɓuya, duka 8 suka zauna a fili. Hasashen da Weil ya yi a 1949 game da yawan amsoshin ikweshan a lambobi masu zagayowa, wanda Pierre Deligne ya kammala tabbatarwa a 1974, babban yayan wannan ɗan ƙirgen ne.

Game da abin da za a karanta, ra'ayina a bayyane yake, ko da wasu malamai za su ƙi shi: kada sabon ɗalibi ya fara da Hartshorne shi kaɗai a ɗaki. Littafin ya ɗauka ka riga ka ƙoshi da aljabarar zobe da aidiyal, wato nazarin tsare-tsaren da ake tarawa da ninkawa a cikinsu, kuma ya tura kaso mai yawa na ilimin cikin tambayoyin atisaye. Ƙaramin littafin Atiyah da Macdonald na 1969, wanda bai kai shafi 130 ba, shi ne guzurin, kuma atisayensa ne ainihin karatun. Wanda ya karanta shi bai taɓa alƙalami ba, kallo ya yi. A gefe guda a riƙe na William Fulton a kan lanƙwasa, wanda marubucin ya sake shi kyauta a intanet, kuma zai kai ka har cikakkiyar hujjar ƙa'idar Bézout. Wanda ya fi jin daɗin kwamfuta ya nemi na Cox da Little da O'Shea na 1992, ya sauke manhajar lissafi irin Macaulay2 ko Singular ko SageMath, duk kyauta ne, ya riƙa jefa musu misalai yana ganin abin da zai fito. Bayan wannan ne sikim zai zo a matsayin amsa. Darussan Ravi Vakil na Jami'ar Stanford sun fi sassauci a wannan mataki, suna hira da mai karatu. Shi kuwa kundin Stacks da Johan de Jong ya assasa, mai shafi dubbai, ƙamus ne. Ana duba shi, ba a karanta shi daga bango zuwa bango.

Abin da ya fi littafi wuyar samu a nan shi ne abokin tattaunawa. Wannan fanni ne da rabin fahimtarsa a baki take yawo, a gaban allo, inda wani zai zana maka ɗan hoto ya ce ai abin da shafi ukun nan ke nufi ke nan. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kaduna na da Jami'ar Jiha, da Kwalejin Horar da Hafsoshin Soja mai sashen lissafi, Zariya da Jami'ar Ahmadu Bello kuma tafiyar kusan awa ɗaya ce. Mutum uku masu niyya da za su haɗu duk Asabar, kowa ya tashi ya yi bayanin atisaye guda, sun fi kowane bidiyo amfani. Akwai Cibiyar Lissafi ta Ƙasa a Abuja, akwai cibiyoyin nazarin lissafi na Afirka, wato AIMS, da aka fara a Afirka ta Kudu a 2003 har suka yaɗu zuwa Senegal da Ghana da Kamaru da Ruwanda, akwai cibiyar Trieste ta Italiya da Abdus Salam ya kafa a 1964 don masanan ƙasashe masu tasowa. Kuma kafin ɗalibi ya ɗaure kansa da wannan fanni a digiri mai wa'adi, ya zauna da mai duba aikinsa su yanke ɗan yanki da za a iya gamawa, kamar ƙirgen ɗigo a kan lanƙwasa guda. Fannin gaba ɗaya ba ya shiga cikin shekara biyu, ko a ina ne.

Na ba ta labarin Caucher Birkar, Bakurde da ya tashi a ƙauyen manoma a yammacin Iran lokacin yaƙinsu da Iraƙi, yayansa ne ya fara koya masa lissafi mai zurfi, ya je Ingila a matsayin ɗan gudun hijira, ya kuma karɓi lambar Fields, ɗaya daga cikin manyan lambobin yabo na lissafi a duniya, a 2018 a kan wannan fanni. Ta ce ita ba lambar yabo take nema ba, so take ta wuce babi na biyu. Na ce to ta ajiye shi tukuna, ta je ta ƙirga mini da'irar a zagayen 11 da na 13.

Bayan sallar isha'i saƙonta ya shigo. Duka biyun 12 suka ba ta. A ƙasa ta ƙara da cewa 5 sau 5 ya ba da 25, wanda a zagayen 13 daidai yake da −1, don haka ta san inda biyun suka tafi. Abin da take so ta sani yanzu shi ne me ya sa 5 da 13 suke da wannan lamba, 7 da 11 ba su da ita.